Ƙaramar hukuma ko CQC: inda za ki kai ƙorafin kulawar Baba

Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kuma saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Kin tambaya ko wurin hukumar CQC (Care Quality Commission, mai sa ido kan kamfanonin kulawa) za ki kai ƙarar kamfanin da ke turo masa masu kula, tunda sun mayar da makara al'ada, ko kuwa wurin ƙaramar hukumar da ta haɗa ku da su a nan Ingila. Ki kai wa ƙaramar hukuma, kuma a rubuce. Na ƙwanƙwasa ƙofofin biyu a kan mahaifiyata, saboda haka ba da ka nake faɗa ba.

Lokacin da aka sallamo Inna daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, takardar tsarin kulawarta ta nuna za a riƙa zuwa sau 3 a rana, zuwan safe ƙarfe 8 na tsawon minti 45, kuma mace ce za ta yi mata wanka. Da farko komai lafiya lau, daga baya sai ƙarfe 8 ta koma 11, har maganin safe ya riƙa cin karo da na rana. Wata Asabar kuma aka turo namiji. Inna ta ja mayafi ta juya fuskarta bango, ta ce ita da ta aurar da jikoki gara ta kwana da dauɗarta. Mutumin bai yi gardama ba, ya tafi, amma abin da aka rubuta a littafin kamfanin shi ne wai ta ƙi wanka, ba tare da an faɗi dalili ba, kuma wannan rubutun ya fi makarar ƙona mini rai.

Wata 2 na yi ina kara irin tamu, ina buga waya ana ba ni haƙuri, ina tsoron kada in yi magana a huce a kan tsohuwa. Abin da ya fitar da ni wani tsohon littafin makarantar ɗana ne da na ajiye kusa da butar shayi. Duk wanda ya shigo sai in rubuta rana, da lokacin shigowa, da lokacin fita, da abin da aka yi da wanda aka bari. Bayan mako 5 na kwafe shi a shafi 2, na haɗa da takardar tsarin kulawa da takardun kuɗin da ake turo mana, na aika wa sashen karɓar ƙorafi na ƙaramar hukumarmu, na kuma rubuta ƙarara a saman wasiƙar cewa wannan ƙorafi ne a hukumance. A ƙasa na faɗi abin da nake nema: a dawo da lokaci, a riƙa turo mace, a cire kuɗin mintunan da ba a yi ba. Wata jami'ar walwala ta zo har gida, ta cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba, ta zauna kusa da Inna tana tambaya ina fassarawa. An sake duba tsarin, an gyara kuɗin, kuma matar da aka ba mu daga baya har zuba wa Inna ruwan alwala ta koya.

Wannan hanya tana aiki ne domin doka ce ta ɗaure ta. Dokar Care Act ta 2014 ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin biyan bukatun da ta tantance, don haka ko da ta ba kamfani kwangila, alhakin bai sauka daga wuyanta ba. Ƙa'idojin ƙorafi na 2009 kuma sun wajabta mata ta sanar da ke cewa saƙonki ya iso cikin kwana 3 na aiki, sannan ta bincika ta ba ki amsa a rubuce. Ke ma kina da wa'adi, wata 12 daga faruwar abin ko daga ranar da kika sani, shi ya sa dogon haƙuri yake iya zama asara. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, sai ki wuce ofishin Local Government and Social Care Ombudsman, wanda ke bincike kyauta, yana kuma iya ba da shawarar a nemi afuwa, a mayar da kuɗi, ko a gyara yadda ake aiki. Amma abin da za su fara tambayarki shi ne ko kin bi matakin farko. Wanda ke biyan kuɗin kulawa daga aljihunsa, kamar mai ajiyar da ta haura fam 23,250, shi kamfanin zai fara rubuta wa, daga nan ya wuce wannan ofishi, domin tun 2010 ake sauraron irinsu.

CQC kuwa mai sa ido ce, tana yi wa kamfanoni rajista, tana duba su, tana ba su maki, amma a ƙa'idarta ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya. Ni ce na yi kuskuren fara zuwa can ina jiran hukunci. Ki cike fom ɗinsu bayan kin aika wasiƙarki, domin bayaninki zai iya amfanar tsohon wani, amma kada ki zauna jiran su gyara wa Baba lokacin karin kumallo. Wannan a Ingila ke nan. 'Yan uwa da ke Sikotilan tsarinsu daban ne.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Da zarar an ji kina kuka da kamfani, za a fara turo miki lambobi a WhatsApp, wai ga namu masu araha, masu jin Hausa, a biya a hannu babu takarda. Duk kamfanin da ke turo masu wanka, sa tufafi da kai mutum bayan gida dole ne ya kasance da rajistar CQC, yin aikin ba tare da ita ba laifi ne, kuma a nan ne hukumar take da amfani sosai, domin sunan kamfani kawai za ki nema a rajistarta ki ga makinsa da rahoton dubawar ƙarshe. Wanda ya fara kame-kame idan kin nemi sunan da ya yi rajista da shi, ki rufe wayarki. Haka masu cewa a ba su wani abu su rubuta miki ƙorafi. Babu matakin da ake biyan ko kwabo.

Idan kuma kika ga tabo a jikin Baba, ko kuɗinsa na ɓacewa, ko an bar shi da yunwa, wannan ya wuce ƙorafi. Ki kira sashen kare manya na ƙaramar hukuma a ranar, domin sashe na 42 na dokar Care Act ya tilasta musu su bincika, in da haɗari a take kuma ki kira 999. In dai makara ce da gaggawar fita, ki nemo littafi yau ki fara rubutu daga zuwan yamma, ki tambayi Baba izininsa kafin ki rubuta da sunansa, sannan ki aika wasiƙar ta imel ki ajiye kwafi.