Inda gyadar Kano take sauka

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya, da Inna da ƙafar tata. Ka sha tambayata farashin kaya a nan Ingila, na kuma sha ba ka amsa mai tayar da hankali: kuɗin haya, kuɗin wuta da gas lokacin hunturu, da doya ƙwaya ɗaya a shagon 'yan Afirka wadda kuɗinta zai yi maka cefanen yini a Rimi. Duk wannan yana nan, bai sauya ba. Yau wani abu ne daban nake son ba ka labari, abin da ba a karɓar ko sisi a kansa, kuma tun da kai malamin tarihi ne na san zai fi taɓa ka.

A bakin kogin Mersey, nan cikin Liverpool, akwai tsohuwar tashar jiragen ruwa da ake kira Albert Dock. An buɗe ta a 1846, manyan ɗakunan ajiya ne na jan bulo da ginshiƙan ƙarfe, babu katako a jikin ginin saboda gudun gobara. Da jirage suka yi girma suka fi ƙarfinta sai aka rufe ta a 1972, laka ta cika ta. Daga baya aka gyara, aka sa gidan tarihin harkar teku a ɗaya daga cikin ɗakunan. Shiga kyauta ne. Ranar farko na tsaya a bakin ƙofa ina laluben jaka, wata ma'aikaciya ta ce in wuce kawai, ga akwatin gudummawa can in na ga dama. A wajen kuwa, shayi kofi guda a shagunan bakin ruwa sai ka ba da fam uku ko fiye, wurin ajiye mota ma kuɗinsa ya isa ya hana mutum zuwa. Shi ya sa nake dafa shayina a gida in zuba a fulas, in hau bas da yara.

A farkon 2025 an rufe ginin don babban gyara, shi da gidan tarihin cinikin bayi da ke hawa na uku. Abin da zan faɗa maka na cikin ginin, kafin rufewar na gani.

Baƙi daga nesa tarihin jirgin ruwan Titanic suke zuwa gani, don a Liverpool aka yi masa rajista, a nan ne kuma hedikwatar kamfaninsa take a lokacin. Mutanen gari kuwa abin da ke kawo su daban. Za ka ga dattijo da jikarsa tsaye gaban hoton masu dakon tasha, yana nuna mata ƙugiyar da ake jan buhu da ita, yana cewa irinta ubansa ya riƙe. Akwai ɗakin adana takardu inda kowa, ba sai mai digiri ba, zai nemi lokaci ya zo ya binciki jirgin da kakansa ya yi aiki a ciki. Ma'aikaci zai zauna da kai, ya fito maka da kundin, ya nuna maka yadda ake buɗe tsohuwar takarda ba ta yage ba. Mutum wajen miliyan 9 ne suka bi ta wannan gari zuwa Amurka da Kanada da Ostireliya tsakanin 1830 da 1930, don haka masu neman asali ba sa yankewa.

A can na gamu da abin da ya sa ni rubuto maka. Sunan Elder Dempster na gani, kamfanin jiragen da a da suke zirga-zirga tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma. Ka tuna yadda Kaka yake ba mu labarin dalar gyada, da yadda suke ɗaukar buhu a ka suna hawa har ƙoli? Kullum labarinsa a tashar jirgin ƙasa yake ƙarewa. Ya ce gyada ta tafi Ikko, daga nan sai ƙasar Turawa, shi ke nan. To Yaya, ga ɗaya daga cikin wuraren da take sauka. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, gyada da fatu da auduga suka riƙa gangarawa Legas, jiragen ruwa su kwaso su tare da man ja na kudu. Tsallaken kogin akwai Port Sunlight, garin da William Lever ya fara ginawa ma'aikatan sabulunsa a 1888, kuma man ja da man ƙwara na ƙasashenmu suna cikin abin da ya ɗaga masana'antar. Jirgin fasinja na Elder Dempster, Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, shi ya riƙa kawo ɗalibai da ma'aikatan gwamnati daga Najeriya, tafiyar kusan mako biyu a kan ruwa. Na daɗe a tsaye a wurin. Mu 'yan tudu ne, da yawanmu ba su taɓa ganin teku ba, amma gumin Kaka ya ƙetare ta shekara da shekaru kafin a haife ni.

Kada in sa ka ɗauka komai na alfahari suke nunawa. Jiragen Liverpool sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi zuwa bauta, kuma ba a ɓoye wannan ba. Majalisar birnin ta nemi gafara a 1999, aka buɗe gidan tarihin bayi ranar 23 ga Agusta, 2007. A wannan rana ta kowace shekara mutane kan taru su yi tattaki zuwa bakin ruwa don tunawa da waɗanda aka tafi da su. Na je sau ɗaya. Akwai wata al'ada ta zuba ruwa a ƙasa da suke yi, ni dai na tsaya gefe na yi addu'ata, ba wanda ya dube ni. Na tuna karatun da ka yi mana na Hausawan da aka kai Bahia a Brazil har suka ƙulla shirin bore a 1807, sai na ji ba baƙuwa ba ce ni a taron. Na kuma tambayi kaina yaushe mu za mu iya zama mu yi maganar bautar da aka yi a cikinmu da irin wannan natsuwa.

Abin da ya fi burge ni duka ta wurin aikina na san shi. Ka san tsofaffi nake kula da su, da yawansu mantuwa ta kama su. Hukumar gidajen tarihin Liverpool tana da wani shiri mai suna House of Memories, tun 2012, inda suke horar da masu aiki irin nawa, suna kuma ba da aron akwati cike da tsofaffin kayayyaki a kai wa tsofaffi har inda suke. Wata rana aka kawo mana ɗaya. Akwai wani dattijo da nake yi wa wanka in ba shi abinci, wanda sai ya yini bai ce uffan ba. Da aka miƙa masa hoton tasha, ya riƙe shi da hannu biyu, ya fara lissafa sunayen tashoshin ɗaya bayan ɗaya daga arewa zuwa kudu, ya faɗi yadda suke yin cirko-cirko da asuba ana zaɓen wanda zai sami aikin yini, wanda ba a zaɓa ba ya koma gida hannu rabbana. Ya yi magana ta fi rabin awa. 'Yarsa tana zaune, hawaye kawai take yi. Washegari ya koma shirunsa, amma ni daga ranar na san wanda nake yi wa hidima.

Gaskiya ba kayan tarihi suka fi mu ba. Gidan Makama kaɗai, da ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya girmi duk wani gini a wannan tasha nesa ba kusa ba. Marinar Ƙofar Mata tana aiki har gobe, su kuwa tsohuwar tasharsu ta 1715 tana ƙarƙashin ginin kantuna, sai an saukar da kai ƙasa ka ga bangonta. Bambancin yana wajen hidima. A nan akwai hanyar keken guragu, da banɗaki mai tsabta, da wurin zaman mai shayarwa, da ma'aikacin da zai durƙusa ya yi wa yaro bayani. Na tuna wani gidan tarihi da muka je da kai a gida, aka ɗauke wuta, mai gadi ya haska mana da fitilar wayarsa, ya kuma yi mana bayani mai daɗi duk da ya ce ya yi watanni bai ga albashi ba. Mutumin ya san aikinsa sarai, dafa masa ne ba a yi ba.

Amma a wani abu ɗaya mu ke gaba, kuma zama a nan ne ya nuna mini. Wannan dattijon sai da aka kawo akwati sannan aka ji muryarsa, don 'ya'yansa sun watsu, sau ɗaya a mako ake leƙo shi. Namu tsofaffin suna zaure, suna tsakar gida, jikoki na hawa jikinsu. Labarin yana nan a bakinsu kullum, ɗauka ne ba ma yi, sai an yi sadakar bakwai a fara cewa ai da an tambaye shi.

Don haka ga roƙona. Kawu ne kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga dalar gyada da idonsu suka kuma yi aiki a gindinta. Zan turo kuɗi ƙarshen wata a saya wa Auta katin ajiya mai girma na waya. Ku zauna da Kawu bayan la'asar, lokacin da ya fi sakewa, kada a yi masa tambayoyi irin na jarrabawa, a bar shi ya bi labarinsa yadda ya so. A tambaye shi buhu nawa ke shiga dala guda, nawa ake biyansu, wa ke ɗinke buhunan, waƙar me suke yi in suna hawa. In tsohon ma'aunin nan yana ɗakin Inna har yanzu, a ɗauko a sa masa a hannu kafin a fara. In ka ga abin ya yi kyau, ka gwada ba ɗalibanka irin wannan aikin a hutun da ke tafe, kowa da tsohon gidansu.

Man shafawar Inna da takalmanka suna wurin wata 'yar'uwa da za ta taho wata mai zuwa. Yara suna gaishe ku, babbar ta ce a turo mata muryar Kawu ita ma, tana son kai wa malamarsu.

Ƙanwarka.