Na gwada AGORA da rumbunan bincike na kyauta daga Maradi: ga abin da na gani

Duk ɗalibin da ya zauna neman takardun bincike a intanet ya san wannan takaicin. Ka samu maƙalar da kake nema, ka karanta ɗan bayanin da ke samanta, ka ga ita ce daidai, sai a ce ka biya dalar Amurka 30 ko 40 kafin a buɗe maka sauran. Wajen jika 20 ke nan na sefa a kan shafi goma. Ni ina rubuta kundin mastar ne a kan ajiyar wake, kuma aiki irin wannan ba ya yiwuwa da maƙala biyu ko uku. Shi ya sa nake so in faɗi yadda ta kaya tsakanina da hanyoyin kyauta, domin na ga abokan karatu da yawa ba su san da su ba.

Wanda ya fi yi mini amfani shi ne AGORA, wani rumbun mujallun bincike a intanet. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ce ta buɗe shi a 2003 domin harkar noma, kiwo da abinci, yana ƙarƙashin shirin Research4Life tare da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya riga shi da shekara guda. Nijar tana cikin rukunin ƙasashen da ba sa biyan ko dala. Amma ba mutum ɗaya ake yi wa rajista ba, makaranta ko cibiyar bincike ake yi wa, sai ɗakin karatunta ya riƙe sunan shiga da kalmar sirri. A nan ne na gane darajar malamin da ke kula da namu ɗakin karatun. Na je ne neman wani littafi, da ya ji abin da nake aiki a kai sai ya jawo mini kujera kusa da kwamfutarsa. Ya ce, "Ɗana, ba a rubuta wa injin nan dogon zance. Sa sunan ƙwaron na kimiyya, sa sunan waken, ka haɗa su, ka ga abin da zai fito." Muka rubuta Callosobruchus maculatus da Vigna unguiculata, sai ga maƙaloli jere, har da wasu da na taɓa cin karo da su a rufe.

Abin da ya taɓa zuciyata shi ne ganin sunan Maradi a cikinsu. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, sun gwada shi a nan garin. Ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure daban. Ƙwarin na shaƙe ƴar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu, ba tare da an barbaɗa wa wake magani ba. Kawuna yana amfani da buhun a ƙauye, yana kuma yabonsa, amma ni sai a waɗannan maƙaloli na ga alkaluman da suka nuna dalilin da ya sa yake aiki. Aikin da aka yi da waken manomanmu, a ƙasarmu, bai kamata ɗan Maradi ya nemi katin banki kafin ya karanta shi ba.

Sai dai a sani, AGORA ƙofa ce da aka ara mana makullinta. Kamfanonin buga mujallu ne ke zaɓar abin da za su buɗe wa kowace ƙasa, kuma ranar da ka bar makaranta, damar ta tafi. Malamin gona da ke aiki a Gidan Rumji ko Madarunfa, wanda shi ne ya fi kusa da manomi, ba lalle ya same ta ba.

Waɗanda suke a buɗe ga kowa, ba rajista ba kalmar sirri, su ma na zagaya su. DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jerin mujallu ne sama da 20,000 da aka tantance. Na fi amfani da shi wajen duba ko mujalla ta kirki ce, saboda akwai masu turo saƙo suna cewa ka biya su buga maka cikin mako guda, ba wanda ya duba aikin. AJOL kuwa, tun 1998 yake tara mujallun Afirka, kuma a can na samu ayyukan maƙwabtanmu na Zariya da Kano, waɗanda ƙasarsu da damunarsu suka yi kama da tamu. Ba duk abin da ke ciki ne kyauta ba, amma da yawa ana saukewa kai tsaye.

Ga mu da muka yi karatu da Faransanci, rumbun HAL na Faransa da rumbun Horizon na IRD, cibiyar bincike ta Faransa, sun fi sauƙin shiga kai. Horizon ya ba ni mamaki ƙwarai: tsofaffin rahotannin ORSTOM (tsohon sunan IRD) a kan Nijar, an ɗauki hotonsu shafi-shafi an ajiye. Littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maradi ma ORSTOM ce ta buga shi. Akwai kuma Duddal, rumbun takardun noma da kiwo na nan gida, wanda ya cancanci a ƙara saninsa.

Wahalar ba ta ƙare ba. Rezo na yankewa ana tsakiyar saukar da takarda, forfe na ƙarewa, wuta na ɗaukewa lokacin zafi. Ni dai na koyi zuwa da sassafe, in sauke duk abin da nake so a kile, in karanta a gida. Yawancin maƙalolin da Ingilishi suke, dole ƙamus ya zauna kusa. Malamanmu kuma nasu nauyin daban ne, domin mujallu da yawa da ke ba mai karatu kyauta, marubuci suke caza. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021 ga wanda yake so maƙalarsa ta zama a buɗe, sama da sefa miliyan 6. Kamfanoni da dama suna yafe wa masu bincike na ƙasashe irin tamu wannan kuɗin, amma sai ka san da haka kafin ka nema, kuma nan ma ɗakin karatu ne ya kamata ya sanar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kundayen ɗalibanmu. A bayan teburin malamin ɗakin karatun nan akwai kabad cike da su, bangonsu ya koɗe, ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Na buɗe wasu: aiki a kan murzuna da ke cin zangarniyar hatsi, a kan sassaben zamani, a kan zogalen Jiratawa. Mutane sun shiga rana sun auna gonaki, sun yi hira da manoma da Hausa, amma kwafi ɗaya ne tak, kuma wanda yake Tawa ko Damagaram bai san an yi ba, sai ya sake yin aikin daga farko. Rahoton da Bature ya rubuta a kanmu shekaru 40 da suka wuce ya fi sauƙin samu a kan na ɗalibin da ya gama bara.

Kuma ba wani abu mai wuya ake nema ba. Ƙasashen UNESCO sun amince da shawarar buɗe ilimin kimiyya ga kowa tun Nuwamban 2021, majalisar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka masu Faransanci ma tana da rumbunta mai suna DICAMES inda ake zuba kundaye. Kowane ɗalibi yau a kwamfuta yake rubuta aikinsa. Ranar da ya kare kundinsa gaban malamai, a karɓi kwafin PDF da aka gyara, ya sa hannu a takardar izini, ɗakin karatu ya ɗora. Na tambayi malamin abin da tsofaffin kundayen ke buƙata, ya ce injin ɗaukar hoton takardu guda ɗaya mai kyau, da ɗalibai biyu da za a riƙa ba ɗan abin mai. Ni na riga na gaya masa nawa kundin zan kawo masa da takardar izinin a haɗe.