Sandar Atisaye: Wacce Ta Dace da Mai Koyon Wasan Kare Kai a Gombe?

Duk wanda ya ɗan jima yana koyon karate ko taikwando, ko a gefen filin wasa na Pantami ne ko a farfajiyar wata makaranta, wata rana zai ji kocinsa ya ce ya zo da sanda. A nan ne da yawa suke yin kuskure, domin sun ɗauka makami ake so su saya, sai su nemi wadda ta fi nauyi da ban tsoro. Alhali kuwa sandar atisaye ma'auni ce. Ita ke tona asirin tsayuwar mutum, ta nuna ko nauyinsa na kan ƙafafunsa biyu ko ya rinjaya gaba, ita ce kuma ke koya masa tazara da sanin lokacin da ya kamata ya shiga ko ya ja da baya. Saboda haka abin dubawa kafin a ciro kuɗi uku ne: nauyinta, inda nauyin ya taru, da kuma yadda take karyewa ranar da za ta karye.

Amma kafin waɗannan, a fara da tsawo, domin kowane salo da nasa. Doguwar sandar da ake kira bo, wadda ta fito daga wasan makamai na tsibirin Okinawa da ke Japan, tana kai santimita 182. Jo, wadda 'yan aikido, wani wasan kare kai na Japan, suka fi riƙewa, santimita 128 ce. Takobin katako na Japan, wato bokken, ya ɗan haura mita guda, nauyinsa kuma kusan rabin kilo. Gajerun sandunan arnis na ƙasar Filifin, wasan da gwamnatinsu ta ayyana a matsayin na ƙasa a 2009, ba su cika wuce santimita 70 ba. Ga wanda yake farawa, musamman mai atisaye a tsakar gida inda igiyar shanya da rumfa suke kusa, na fi ganin dacewar jo. Bo tana da daɗin kallo, amma tana son fili, kuma idan ta fi tsawon mai ita da yawa sai ya riƙa ɗage kafaɗa don kada ƙarshenta ya taɓa ƙasa, daga nan tsayuwarsa ta lalace ba tare da ya sani ba.

Batun irin icen shi ne inda ya kamata a tsaya sosai. Waɗanda ake shigowa da su daga waje galibi na icen da Turawa ke kira oak ne, fari ko ja, kuma masana sun fi yaba farin saboda tsaurinsa. Sai dai kuɗin dakon sanda mai tsawon kusan mita biyu yakan kusan kamo kuɗin sandar, ga shi ice ne da aka sarrafa a ƙasa mai laima, don haka idan hunturun Gombe ya kama shi daga Disamba zuwa Fabrairu yana iya tsagewa ko ya lanƙwashe. Icen gida da ya bushe sosai bai cika samun wannan matsalar ba. Marke, wanda manoma suka daɗe suna yin ƙotar fartanya da shi, yana da ƙarfi da juriya. Ƙirya ta fi shi tauri, shi ya sa ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, amma nauyinta ya yi wa mai koyo yawa. Na taɓa ganin wani matashi da ya sa aka feƙe masa sandar ƙirya mai kaurin damtse. Duk saran da ya kai sai sandar ta ja shi gaba, dugadugansa su bar ƙasa, kafin ya dawo da ita kuma abokin karawarsa ya taɓa shi sau biyu. Sanda mai nauyi tana da amfaninta wajen ƙarfafa hannu idan mutum yana sara shi kaɗai, Japanawa ma suna da irinta ta musamman, amma ba da ita ake koyon lokaci ba.

Idan ka je wurin 'yan katako ko wurin masassaƙi, kada kunya ta hana ka gwaji. Ka ajiye sandar a kan shafaffen siminti ka mirgina ta da tafin hannu: idan ta tafi sumul, miƙaƙƙiya ce, idan kuwa tana tsalle tana ƙwanƙwasa ƙasa, ta karkace. Ka ɗora ta a kan yatsa guda ka nemi inda za ta tsaya. Bo da jo dole su tsaya a tsakiya daidai, domin da kowane ɓangare ake aiki. Sannan ka bi jikinta da ido. Jijiyar icen ta tafi a miƙe daga kai zuwa gindi, babu ƙulli, babu ƙananan hujin ƙwaro masu zubar da gari. Wurin ƙulli nan ne take fara karyewa. Ka roƙi kafinta ya goge ta da sanfefa ya bar ta haka, kada ya shafa mata fenti mai sheƙi, saboda fentin yana ɓoye tsaga, kuma yana sa hannu ya yi kanta idan gumi ya zo. Ɗan mai kaɗan da tsumma lokaci-lokaci ya isa.

Duk wannan na atisayen mutum ɗaya ne, ko na biyu da suke bin tsararren motsi a hankali. Da zarar an zo karawa da gaske, inda sanda ke haɗuwa da sanda da ƙarfi, lissafi ya sauya. Ice mai tauri idan ya gaji ba ya gargaɗi, sai dai ya ɓalle, ɓarin ya tashi da tsini kamar mashi, sartse kuma ya shiga hannu ko ido. Shi ya sa 'yan arnis suka riƙe ratan, wannan icen mai kama da bulala da ake saƙa kujeru da shi: ba shi da nauyi, yana shanye duka, kuma idan ya tsufa sai ya fara sakin zare kamar tsintsiya, ka gani da idonka ka sauya shi. Masu kendo kuwa, wasan takobi na Japan, suna amfani da shinai, wato tsagin gora huɗu da aka ɗaure da fata da igiya, wanda na manyan maza ba ya wuce santimita 120, ba ya kuma gaza giram 510. Yana da kyau ƙwarai, amma busasshiyar iskarmu maƙiyiyarsa ce. Wanda ba zai iya kwance shi yana dubawa yana shafa masa mai ba, gara ya haƙura da shi. Gorar kasuwa ɗanya, mai rami a ciki, ba madadinsa ba ce ko kaɗan, domin tsagewarta kaifi gare ta kamar reza.

Akwai kuma na roba. Mai taurin cikinsu kusan ba ta karyewa, ba ruwanta da gara ko damina, sai dai tana mayar da girgizar duka cikin wuyan hannu, kuma tana cin sandar ice idan aka haɗa su. Mai soso a jiki ita ta fi dacewa da yara da kuma ranar farko ta karawa. Ana iya haɗa ta a gida da fayif ɗin famfo da soso da salatif, muddin an toshe bakin biyu da soso mai kauri, don bakin fayif shi ke yin rauni idan an soka. Aibinta ɗaya ne, kuma babba: tunda ba ta da zafi, ɗalibai sukan daina tsoronta, su riƙa kutsawa cikin sara suna musayar duka, wanda hakan kishiyar sanin lokaci ne. Makiyayin da ya tashi da sanda a kafaɗa bai koyi kauce wa duka da soso ba. Don haka a yi amfani da ita, amma koci ya riƙa tsayar da wasa duk lokacin da aka taɓa mutum.

Na ƙarfe, ko da dakusasshe ne, ba kayan mai koyo ba ne, kuma ban ga dalilin sayensa ba.

Abin da ake takawa ma yana cikin cinikin. Shimfiɗar roba mai haƙora da ake harhaɗawa, mita ɗaya-ɗaya, tana zuwa da kauri daban-daban. Mai santimita 2 ta wadatar da wasan tsaye, mai santimita 4 kuma ta masu kayar da juna ce irin 'yan judo. Kada a ce mai kauri ta fi don ta fi tsada. Idan ta yi laushi da yawa ƙafa na nutsewa, juyi ya yi wuya, gwiwa ta ɗauki wahalar. Katifar kwana kuwa ba ta shiga wannan lissafi ba sam. Wanda ba shi da halin shimfiɗa, dandaɓaɓɓiyar ƙasa da aka share tsakuwarta ta fi tayil mai santsi nesa ba kusa ba.

Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai lokaci guda ba, ya fara da jo ta marke mara nauyi, idan koci ya ce lokacin karawa ya yi sai ya ƙara da ratan biyu da abin kare fuska da safar hannu. Ya kuma ɗinka mata jaka ta yadi wurin tela. A garin da mutane ba su manta da ta'asar 'yan kalare ba, matashin da aka gani da sanda tsirara a kan babur bayan magariba zai sha tambayoyi, don haka ya sa ta cikin jaka tare da kayan wasansa da katin ƙungiyarsa, ko kuma ya bar ta a wurin atisaye.