Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin koyon aiki daga gida

Ƙanwata da ta gama hidimar ƙasa ta turo mini wata talla da ta gani a WhatsApp, ta ce, "Yaya, in biya?" Tallar ta yi alkawarin koya mata, cikin kwana uku, duk halayen da ake buƙata don samun aikin da ake yi daga gida ta intanet, da satifiket a ƙarshe. Na ce ta riƙe kuɗinta tukuna. Na san ba ita kaɗai ce ke tsaye a wannan mararraba ba, shi ya sa nake so in baje hajar kowa a gani kafin a taya.

Sai mu fara sanin abin da ake saye. Wanda ya ɗauke ka aiki daga Landan ko Toronto ba ya ganin ka. Bai san tun asuba kake zaune ba, bai san an ɗauke wuta ba, bai ga fuskarka ba sa'ad da umarninsa ya ɗaure maka kai. Saƙonka kawai yake gani, da lokacin da ya iso. Saboda haka halayen da ake ta magana a kansu ba su wuce waɗannan ba: rubuta saƙon da ba sai an sake tambaya ba, cika wa'adi, faɗin matsala tun tana ƙarama, da iya buɗe baki a ce "ban gane ba" ko "ba zan gama ranar Talata ba, sai Alhamis."

Na ƙarshen nan ya fi ba mu wuya, mu da aka rena da kunya da kawaici. A gida idan babba ya sa ka aiki, "to" ce amsa, ko da ka san da kyar zai yiwu. A watannina na farko da wani kamfani na waje, batirin solata ya mutu ana tsakiyar aiki. Kwana biyu na yi shiru ina fama, ina ganin in na faɗa kamar na kawo ƙorafi ne. Da na miƙa aikin a makare, shugabar sashenmu ba ta tsaya kan jinkirin ba. Tambayarta ɗaya ce: me ya sa ba ta ji daga gare ni ba tun ranar farko, da ta ba wani rabin aikin? Tun daga ranar, awon da nake yi wa kowane kwas guda ne: a cikinsa, wa zai ga aikina ya gyara mini?

Mafi sauƙin shiga shi ne horon Jobberman, kamfanin da ke haɗa masu neman aiki da masu ɗaukar ma'aikata. A 2020 kamfanin ya haɗa gwiwa da gidauniyar Mastercard don koyar da matasan Najeriya halayen aiki kyauta, kuma Kano da Kaduna na cikin jihohin da aka fi ba wa muhimmanci. Za ka ji bayani a kan sadarwa, aiki tare da mutane, tsara lokaci da riƙe zuciya a wurin aiki. Ga wanda bai taɓa aikin ofis ba, ƙofa ce mai kyau, kuma data kawai zai ci maka. Amma gabatarwa ce. Zai sa ka san sunayen abubuwan, ba zai sa su zama jikinka ba.

Sai manyan rumbunan bidiyo, Coursera da LinkedIn Learning. Coursera, wadda malamai biyu na jami'ar Stanford suka kafa a 2012, tana da kwasa-kwasan jami'o'i da na kamfanoni. Kwas ɗin Google na tafiyar da ayyuka, alal misali, yana da darussa masu amfani a kan yadda ake ba shugabanni rahoto da yadda ake jan taro. A nan akwai abu biyu da ya kamata mai saye ya lura da su. Kuɗin na wata-wata ne kuma da dala, don haka duk watan da ka yi sanyin jiki, farashin ya ƙaru. Kuma akwai neman tallafi: ka cike fom ka bayyana halinka da dalilinka, ka jira kamar sati biyu. Kada ka sa katinka kafin ka gwada wannan. LinkedIn Learning kuwa yana ba da wata guda na gwaji, wanda ya ishi mai himma ya kalli abin da yake buƙata, in dai ya tuna ya soke rajista kafin a fara cire kuɗi. Rauninsu ɗaya ne: kallo ne. Mutum zai iya kallon awa arba'in a kan iya magana bai furta kalma ɗaya ba.

Shirye-shiryen da ake shiga rukuni-rukuni sun fi kusa da ainihin aikin. Kwas ɗin ALX (cibiyar horar da matasan Afirka sana'o'in zamani) na mataimakin ofis ta intanet yana ɗaukar kimanin wata biyu, da aikin da za ka miƙa kowane mako da abokan karatu daga ƙasashen Afirka daban-daban. Wannan wa'adin na mako-mako shi ne darasin, fiye ma da abin da ke cikin bidiyon, domin ranar da layi ya ƙi ja kuma aiki na jiranka, a nan za ka san ko ka iya neman mafita da sanar da mutane. Ka duba kuɗin shiga na lokacin da kake nema kafin ka yi rajista. Shirin 3MTT na koyar da 'yan Najeriya miliyan uku sana'o'in kwamfuta da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani kyauta ne, sai dai ƙarfinsa na kan fasaha, kuma sai an zaɓe ka. In ka samu, ka ɗauki aikin rukuni da muhimmanci, kada ka bar wa mutum ɗaya.

Wanda na fi so in tsaya a kansa shi ne Toastmasters, domin mutanenmu ba su cika saninsa ba. Ƙungiya ce da Ralph Smedley ya kafa a 1924 a California ta Amurka, tana da rassa a Legas da Abuja, akwai kuma waɗanda ke zama ta intanet gaba ɗaya. Ba malami, 'yan ƙungiya ne ke karɓa-karɓar ayyuka. A wani sashe na zaman za a jefo maka tambaya ba shiri, ka yi magana minti ɗaya zuwa biyu. Wani na riƙe da agogo yana nuna maka kore, rawaya, ja, don ka san inda lokacinka ya kai. Wani na ƙirga duk "eh" da "amm" da ka yi. Bayan ka gama jawabi, wani zai tashi ya faɗi inda ka yi kyau da inda za ka gyara, a gaban kowa, cikin ladabi. Ga wanda muryarsa ke rawa idan aka kira sunansa a taron Zoom, ban san abin da ya kai wannan ba. Yana koya maka karɓar gyara ba tare da ka ji an ci mutuncinka ba, yana kuma koya maka yi wa wanda ya girme ka gyara, abin da tarbiyyarmu ba ta saba mana da shi ba. Ana biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya da dala duk wata shida, amma baƙo na iya halartar zama kyauta, don haka je ka gani sau biyu ko uku kafin ka ciro ko sisi. Iyakarsa ita ce baki yake horarwa, da Turanci, alhali mafi yawan aikin nesa a rubuce yake.

Don rubutun, abin da ya fi amfani ba na sayarwa ba ne. Kamfanin GitLab, wanda ma'aikatansa ke warwatse a duniya ba tare da ofis ba, ya saka kundin tsarin aikinsa a intanet kowa ya karanta. Karanta sashen sadarwa, za ka ga yadda suke rubuta komai domin wanda yake barci a wani gefen duniya ya tashi ya ci gaba ba tare da ya jira kowa ba. Automattic, masu WordPress.com, sun shahara da yin hirar ɗaukar ma'aikata a rubuce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda nauyin yake.

Masu kwas na WhatsApp da Telegram ba duka ne na banza ba. Akwai masu gaskiya, kuma bayani da Hausa yana shiga fiye da na Turanci. Amma ka yi tambaya uku kafin ka tura kuɗi. Shi malamin, wane aikin nesa ya yi, na tsawon wane lokaci? Zai karanta rubutuna ya gyara, ko sauti kawai zai turo? Mu nawa ne a ajin? Duk wanda ya yi maka alkawarin aiki tabbas, ko ya ce ka biya kuɗi a haɗa ka da Bature, juya ka tafi.

Akwai kuma abin da babu kwas ɗin waje da zai koya maka. Ƙarfe biyu na rana a Kano ko Maraɗi ƙarfe tara ne na safe a New York lokacin bazararsu, takwas a lokacin sanyi, wato sallar Juma'a na iya faɗawa daidai kan taronsu na safe. Wannan a makon farko ake faɗarsa, a fili: ranar Juma'a daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba na nan, zan bar rahotona a rubuce kafin in fita. Haka azumi, haka Sallah. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba idan an faɗa da wuri.

Ƙanwata ta yi horon Jobberman, ta nemi tallafin Coursera, ta halarci zaman Toastmasters biyu a matsayin baƙuwa. Kuɗin da ta so ba mai tallar, ta sayi layi na biyu da abin cajin tafi-da-gidanka. Ta kuma karɓi aikin sa-kai na kula da shafin wata ƙungiyar mata a unguwarsu, na ce duk yammacin Alhamis ta turo mini rahoto layi uku: abin da ta gama, abin da ya rage, abin da ya tsaya mata. Na makon farko ya zo da gaisuwa layi shida kafin a kai ga magana. Na jiya cewa ya yi: "Yaya, barka da yamma. Na gama hotuna huɗu cikin shida. Biyu na jiran amincewar shugaba, na tuna mata yau. In ba ta amsa ba zuwa Asabar da azahar, zan saka huɗun in bar biyun."