Hoppe's No. 9 da igiyar BoreSnake: yadda suka yi min aiki a bindigar farautar kurciya

Ranar 1 ga Satumba ake buɗe farautar kurciya a arewacin jihar Texas, inda nake zaune da iyalina, kuma shekara huɗu ke nan ban bari ranar ta wuce ni ba. Bindigata Remington 1100 ce, geji 12 (ma'aunin faɗin bututun bindiga ke nan), ta hannu, na saye ta wurin wani dattijo da ciwon gwiwa ya hana shi shiga gona. Samfurin ya fara fitowa tun 1963. Irin mai ɗura wa kanta harsashi ce: kana harbawa, wani kaso na hayaƙin albarushi zai bi ta 'yan ƙofofi biyu da ke jikin bututu, ya tunkuɗa fistin baya, kwanso ya yi tsalle waje, sabon harsashi ya hau. Shi ya sa ba ta dukan kafaɗa sosai. Amma hayaƙin nan da ke yi mata aiki, shi ne kuma yake bar mata baƙi a ciki duk harbi ɗaya.

Kayan wanki biyu na saya rana guda, kwalbar ruwan Hoppe's No. 9 da igiyar BoreSnake, dukansu ba su kai dala 40 ba.

Igiyar na fara so. Doguwa ce mai kauri, an saƙa burushin tagulla a cikinta, ga ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarshen siririn zaren da ke gabanta. Ka zura ƙarfen ta baya, ya faɗo ta baki, ka naɗe zaren a hannu ka ja. Ja biyu ko uku, in ka ɗaga bututun ka leƙa ta hasken rana, sai ka gan shi yana ƙyalli. Tana shiga aljihu, in ta yi dauɗa a wanke ta da sabulu a shanya. A bakin gona, kafin a mayar da bindiga mota, ban ga abin da ya kai ta sauƙi ba.

Sauƙin nan ne ya sa na yi sakaci. Kaka guda cur igiyar kawai nake ja, in shafa mai a waje, in ajiye. Da shekara ta zagayo, muna tsaye gefen wata gonar furen rana da sassafe, kurciyoyi suka taso garke guda. Na harba na farko, na sake jan kunama, shiru. Kwanson ya maƙale, rabi a ciki rabi a waje. Dokar Amurka ta ce bindigar farautar tsuntsaye masu ƙaura kada ta ɗauki fiye da harsashi 3, to ni ranar ko na biyun ban samu ba, sai da hannu nake jan sakata, ƙarfen da ke fitar da kwanso ya ɗora sabon harsashi, bayan kowane harbi. Kurciya 15 aka yarje wa mutum a rana, na koma gida da huɗu. Ba laifin igiya ba ne, an yi ta ne don cikin bututu, kuma ta yi aikinta. Inda matsalar take, ba ta isa can ba.

Da daddare na shimfiɗa tsohuwar jarida a gareji. Na buɗe bindigar na duba da ido, na sa yatsa na tabbatar babu harsashi ko ɗaya, kwalin harsasan ma na kai shi wani ɗaki. Na kwance murfin gaba, na zare katakon riƙo, na cire bututun. Abin da na gani ya ba ni kunya. Fistin da zoben ƙarfen da ke tare da shi sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Siririn zoben roba da ke tare hayaƙi ya bushe, ya tsage a gefe guda.

Ɗana mai shekara 13 yana riƙe min da tocila. Ya haska cikin zoben da ke ƙasan bututun ya ce, "Baba, ba ka ce ƙofofi biyu ba ne? Ni ɗaya nake gani."

Na ce, "Matso da hasken, yarona." Gaskiyarsa, ta biyun ta toshe har ta saje da ƙarfen.

A nan ruwan Hoppe's ya nuna min amfaninsa. Tun 1903 wani Ba'amurke mai suna Frank Hoppe ya haɗa shi, kuma duk wanda ya taɓa shiga shagon bindiga a ƙasar nan ya san ƙamshinsa, wani abu tsakanin kananzir da nunanniyar ayaba. Na zuba kaɗan a gwangwani, na jiƙa fistin da zoben ƙarfen, na bar su suka kwana. Da safe ruwan ya koma kamar tawada, baƙin ya yi laushi, tsohon burushin haƙori ya ɗebe mafi yawansa. Ƙofofin kuwa na ɗiga musu ruwan, na bi su da siririyar waya mai gashi irin ta goge lofe, a hankali, da hannu. Kada ka kuskura ka sa musu injin huda, in ka faɗaɗa su ka ɓata bututun. Bututun da ake jera harsasai, wanda fistin ke zamewa a kansa, shi ma na goge shi da soso har ya yi sumul.

Ina cikin aikin na tuna kakana a ƙauyenmu wajen Zariya. In ya dawo farauta da bindigarsa ta toka, ba ya zama cin tuwo sai ya ɗuraye cikinta da ruwan zafi, ya busar, ya shafa mai da tsumma, domin tokar albarushin gargajiya tana jawo tsatsa cikin dare ɗaya. Da ya ga fistin ɗin nan nawa, da ya yi min faɗa, kuma da ya yi daidai.

Akwai abubuwan da zan ja kunnen mai saye a kansu. Ruwan nan na wanki ne, ba mai ba ne, bayan ka gama ka tsane shi tas. Ka cire zoben roba kafin ka fara, kuma ka ajiye sababbi biyu ko uku a jakar farauta, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ka buɗe ƙofa don iska, ka sa safar hannu. Cikin akwatin ƙarfen bindigar da ta daɗe tana aiki gefunansa kan yi kaifi kamar reza, na yanke a yatsa sau ɗaya, tun daga nan da sanda nake tura tsumma. Ragowar roba da harsashi ke bari a bututu kuma, in ta taru, sai an haɗa da burushin tagulla na kan sanda, igiya kaɗai ba ta gamawa da ita.

Batun mai, mafarauta sun rabu: wasu na shafa wa fistin kaɗan, wasu na barin sa a bushe. Ni ina tare da na biyun, domin mai in ya haɗu da zafi da hayaƙi, danƙo yake zama. Ɗigo biyu a hanyar sakata ya ishe ni.

Zan sake sayen duka biyun. Igiyar tana jakata a duk fita, kwalbar kuma tana gareji don wankin da nake yi bayan kowane kwali huɗu ko biyar, wato harsashi 100 zuwa 125. Asabar ɗin da ta biyo baya muka koma gonar da sabon zoben roba. Na yi bisimilla na harba sau uku a jere, kwanso uku suka faɗi a damana. Yaron ya ruga cikin karan furen da wuƙa a hannu, yana ƙwala min kira cewa kurciya ɗaya tana da sauran rai, zai yanka ta.