Rumfar Inna a Agege: inda nake cin abincin ɗaga ƙarfe

Wata takwas ke nan ina karyawa a rumfa ɗaya, ina kuma cin abincin dare a wurin. Rumfar ba ta da allo, ba ta da suna. Benci biyu ne da tebur ɗaya a wani lungu na Agege a Legas, tafiyar ƙafa kaɗan daga gadar Pen Cinema. Mai wurin Bazazzagiya ce, dattijuwa, kowa Inna yake ce mata. Abokan aikina a kasuwar wayoyi ta Ikeja sun dame ni da tambayar me nake sha da kafaɗuna suka buɗe, shi ya sa na ga ya dace in faɗi gaskiyar abin, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Da na fara ɗaga ƙarfe nauyina kilo 61 ne. Wurin da muke yi bayan wani garejin kanikawa yake, ƙarafanmu kuwa tsofaffin kayan mota ne da siminti da aka zuba a bokitin fenti. Bayan sallar asuba muke haɗuwa. Na yi wata biyu ina zuwa kullum, gumi kamar an watsa mini ruwa, amma jiki na nan yadda yake. Maigidanmu a wurin, wani tsohon ɗan dambe, ya tambaye ni abin da nake ci. Na ce burodi da shayi da safe, taliya da rana, tuwo ko garin kwaki da dare. Ya girgiza kai ya ce, "Yaro, magini ka kira amma ba ka sauke masa bulo ba."

Bulon shi ne furotin, sinadarin gina jiki. Wanda ba ya aikin ƙarfi, kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a rana. Wanda ke son tsoka ta ƙaru kuwa yana bukatar wajen giram 1.6 a kowane kilo. Ni ke nan sai na sami kusan giram 100 kullum, alhali abin da nake ci da ƙyar ya kai rabin haka. Ɗaga ƙarfe yana gajiyar da tsoka ne, gyaran da jiki ke yi mata lokacin hutu shi ke ƙara mata kauri, kuma da furotin ake gyaran.

Kamar kowane sabon shiga, garin furotin na gwangwani na fara saya, wanda ake kawowa daga waje. Asalinsa ba wani abin mamaki ba ne: ruwan da ke tsatsafowa ne idan an yi cuku daga madara, a tace shi a busar. Cokalinsa ɗaya yana ba da wajen giram 24, kuma mai kyansa yana aiki, ba zan ɓata shi ba. Amma wanda aka sayar mini a wani shago babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikinsa, sai da na iso gida na lura. Ya riƙa kumbura mini ciki, kuma kafin wata ya zagayo gwangwanin ya ƙare, kuɗin da ya kusa ciyar da ni wata guda ya tafi. Na koma shagon, mai shagon ya ce kayan da aka buɗe ba a mayarwa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, don guminka ne ka ga ya tafi a banza.

Maigidan namu ne ya kai ni wurin Inna.

Abin da ya riƙe ni shi ne awararta. Da kanta take yi, a gabanka. Tun dare take jiƙa waken suya, da asuba yarinyarta ta kai inji, a tace, a ɗora babbar tukunya. Idan ya tafaso sai ta riƙa zuba ruwan tsami da ludayi kaɗan-kaɗan, ka ga farin ruwan nan ya tsinke ya dunƙule yana tasowa sama. Ta kwashe cikin ƙyallen tata, ta ɗaure, ta ɗora masa dutse. Awarar da ta danne da kyau takan fito da nauyi a hannu, wuƙa ta ratsa ta ba ta farfashe ba. Wannan danniyar ita ce sirrin, domin in ruwa ya fita sosai, furotin ɗin da ke cikin yanka ɗaya ya fi yawa. Busasshen waken suya yana da furotin wajen giram 36 a cikin giram 100, ya fi waken da muka saba, kuma yana cikin 'yan tsirarun kayan gona da furotin ɗinsu ya haɗa duk abin da tsoka ke nema.

Ranar farko na ce, "Inna, don Allah tawa kada a soya." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, awara ba mai ai hukunci ce." Washegari sai na tarar ta ware mini yanka shida ta dafa cikin 'yar miyar albasa da attarugu, ba a tsoma su a kasko ba. Tun daga ranar ba ta taɓa mantawa ba, ko da layi ya kai bakin titi.

Karin kumallona ke nan: awarar nan, dafaffen ƙwai uku, da kofin kunun gyaɗa. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, uku sun ba ni 18 tun kafin a lissafa awara. Da dare faten wake ne da rabin kifi titus, wani lokaci garau-garau, wanda nake so don shinkafa da wake suna cike wa juna giɓi: abin da furotin ɗin wake ya rasa yana cikin hatsi. Ranar da aka kawo mata hanta daga abbatuwar Oko-Oba, takan aje mini. Da rana a Ikeja nakan riƙe ciki da ƙuli-ƙuli da abin da ya samu. Raba furotin ɗin sau uku ko huɗu ya fi mini a tara shi duka a cin dare ɗaya, cikina ma ya fi samun sauƙi.

Wurin yana da nasa aibin. Hannun Inna yana da nauyi a mai da magi, in ba ka yi magana ba wakenka zai zo yana iyo a manja. Man suyar ma yakan kwana biyu a kasko, har ya yi duhu, kuma na faɗa mata ba sau ɗaya ba. Ta ce tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya tashi, ba ta iya zubar da mai kullum. Na fahimce ta, amma ni dai soyayyen abu na rage shi. Da damina kwatar gefen rumfar takan cika, zama ya gagara. Ranar da babu wuta kuma inji ya makara, awara ba ta fitowa sai rana ta ɗaga, lokacin ni ina cikin danfo, bas ɗin haya ta Legas, a hanyar zuwa aiki.

Yanzu nauyina kilo 66. Ba zan ce duka tsoka ba ce, amma ƙarfen da nake ɗagawa ya ƙaru, riguna sun matse a ƙirji. Watan da aiki ya yi yawa, cunkoson hanya ya riƙa kai ni sha ɗayan dare, barcina ya koma awa biyar, na ga komai ya tsaya cak duk da cin bai canza ba. Sai da na gyara barci abin ya ci gaba. Akwai kuma wani yayanmu mai ciwon ƙoda da ya so ya bi sahunmu, maigida ya hana shi har sai ya ga likita, domin yawan furotin yana iya wahalar da ƙodar da dama ba ta da lafiya.

Mu bakwai ne yanzu daga wurin ƙarfe muke cika bencin nan da safe, har Inna ta ƙara mudu ɗaya a waken da take jiƙawa. Duk da haka awarar ba ta wuce ƙarfe takwas da rabi. Wanda zai je ya sammaka, ya riƙe kwanonsa mai murfi, kuma ya faɗa mata tun kafin ta ɗaga ludayi cewa a rage mai.