Horon taimakon gaggawa na bugun zuciya: yana da amfani, amma akwai gyara

Irin horon nan na yini ɗaya da ake shiryawa mutanen gari wanda ba ma'aikatan lafiya ba, musamman in 29 ga Satumba ta gabato wato ranar zuciya ta duniya, shi nake so in ɗan yi magana a kai tunda na halarta kuma ana ta tambayata ko ya cancanci mutum ya bar aikinsa ya je. Amsa a taƙaice, eh ku je, amma kar ku zata komai zai tafi daidai.

Farkon abun dai sai haƙuri, bayani ne a allo mai tsawo, alƙaluma sun yi yawa har wasu sun fara gyangyaɗi. Wanda ya zauna min a kai shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9, kusan kashi 32 cikin ɗari na duk mace-macen shekarar kenan.

Inda abun ya fara armashi shi ne da nas ɗin ta karɓi makirfo ta raba mana abu biyu da muke haɗawa. Na farko jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, mutum idonsa biyu yana magana amma yana jin kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ciwon na iya tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa mai sanyi ga numfashi sama-sama ga tashin zuciya, kuma mata da tsofaffi da masu ciwon suga wani lokacin ma ciwon ƙirjin ba ya fitowa sosai, sai kasala da sarƙewar numfashi kawai. Na biyu zuciyar ce ta tsaya cak, mutum ya yanke jiki ya faɗi ba ya amsawa ba ya numfashi yadda ya kamata. Na farkon na iya jawo na biyun.

Ta daɗe a kan jinkirin da ake yi in jijiyar ta toshe kuma wallahi nan ne na ga amfanin zuwana. Mutum zai ce ai olsa ce, bari in sha magani in kwanta zuwa safe, alhali duk mintin da ya wuce naman zuciya mutuwa yake kuma ba ya dawowa. Ka kira motar asibiti nan take, ka zaunar da shi, in ba ya da matsala da asfirin kuma ba ya zubar jini ya tauna ƙwaya ɗaya ta manya wajen miligiram 300, kar ka bar shi ya tuƙa kansa. A asibitin da ya san aikinsa ana so a yi gwajin ECG, wato na'urar da ke zana yadda zuciya ke bugawa, cikin minti 10 da shigowa, in za a buɗe jijiyar da ɗan bututu a yi cikin minti 90, in babu wannan kayan akwai allurar narkar da gudan jini. Maganar nan da ake ta turawa a WhatsApp wai ka dinga tari da ƙarfi ka ceci kanka, ta ce a watsar da ita, ɓata lokaci ne kawai.

Sai danna ƙirji, wanda ake yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya, muka gwada a jikin mutum-mutumin roba. Jama'a abun nan a bidiyo sauƙi gare shi, a zahiri kafin minti biyu hannunka ya fara rawa, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6 a tsakiyar ƙirji, gwiwar hannu a miƙe. Yawancinmu lallaɓawa muke don tsoron karya haƙarƙari, malamin sai da ya dinga bin mu ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa ba tare da ya gwasale kowa ba, wannan kam na yaba masa.

Ƙorafina, mutum-mutumin sun yi kaɗan ga yawan jama'a, wasu sau ɗaya suka taɓa. Na'urar nan mai ba zuciya shokin wadda ke magana tana gaya maka abun yi, nuna mana kawai aka yi daga nesa ba wanda ya riƙe ta, to ranar da ka ganta a rataye a bango ta yaya hannunka zai iya? Babban abun da ya fi damuna kuma, an ce mana a yi sauri a yi sauri amma ba wanda ya ce ka bincika tun yanzu wane asibiti ne kusa da kai yake iya buɗe jijiya, don ba kowane ba ne, sai da wata baiwar Allah ta ɗaga hannu ta tambaya. Takardar shaida an ba mu mai kyau, sai dai ba su ce komai ba game da dawowa a maimaita, kuma irin wannan in hannu bai sake yi ba mantawa yake. Tauraro huɗu cikin biyar na ba su.